Daga Madawa zuwa Keita: yadda berni ke bushewa ga katako

Madawa tana bisa babbar hanyar da ta haɗa Birnin Ƙonni da Maraɗi, cikin jihar Tawa. An san ta da albasar fadamar Tarka da tabarmin kaba. Bayan kaka, in manoma sun samu kuɗi, bukukuwan aure suna yawa. Lokacin nan rumfunan kafintoci suna cika da gado, da tebur, da kabad ɗin amarya. Uban yarinya yana gaggawa, kafinta kuwa yana jiran berni, wato man da ke sa katako ƙyalli.

Berni iri biyu ne. Akwai mai saurin bushewa, wanda bai kai awa 1 ba. Akwai mai mai, wanda ke son yini da kwana kafin a ƙara shafi. Shi wannan, ruwan da aka tsinka shi da shi ne ke fara tashi, sannan man ya sha iska ya taurare sannu sannu. Ko hannu bai kama ba, ƙarfinsa bai cika ba sai wajen kwana 30.

A Madawa zafin bazara yana wuce awo 40. Wasu suna fitar da kaya rana don su bushe da wuri. Kuskure ne. Sama ta bushe, ƙasa tana ɗanye, sai ya yi ƙuraje ko ya tattare. Abin da berni ke so shi ne inuwa mai ɗumi da iska mai wucewa.

Wanda ya bar Madawa ya yi arewa, zai isa Buza, ƙasar duwatsu da fadamar Majiya. Nan ne aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. Mutanen Majiya sun san abin da iskar hunturu ke ɗaukowa. Ƙurar da ke rufe shuka ita ce ke manne wa ɗanyen berni, ya zama kamar yashi. Maganinta a share ɗaki, a yayyafa ruwa kaɗan a ƙasa, a rataya zane a ƙofa, a yi shafi da safe kafin iska ta taso.

Gaba da Buza sai Keita, inda aka soma babban aikin raya karkara a 1984, aka yi madatsun ruwa, aka dasa itatuwa. Da damina, musamman watan Agusta, iska tana da laima, berni yana jinkiri. Katakon da bai bushe ba kuwa, ko na wane gari ne, ba ya riƙe shafi.

Ga abin da ya kamata a kiyaye. A shafa siriri sau 2 ko 3, kada a lafta sau ɗaya. A goge da takardar yashi tsakanin shafi. Kada a kusantar da wuta ko fitila, don berni yana kamawa. Tsumman da ya sha mai a shanya shi waje, kada a dunƙule shi, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa.

Iyayen amarya su kai aiki wata guda kafin biki. In an ɗora katifa ko kwanoni bisa ɗanyen berni, shaidarsu tana zama har abada, kuɗin albasa sun tafi banza.