Kifin Norwe a Tukunyar Ƙaura

 

Da wuya a sami gida a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, wanda tukunyarsa ba ta taɓa karɓar wani abu daga ƙasashen can ƙuryar arewacin Turai ba, wato Norwe da Suwidin da Denmak, ko da kuwa masu gidan ba su taɓa jin sunayen ba. Kifin ƙanƙarar nan da muke kira Titus, mai zane-zane a gadon baya, da yawansa a tekun Norwe ake kamo shi. Madarar gari ta Dano da muke zuba wa yara a shayi ta kamfanin Arla ce, wanda tushensa ƙungiyar makiyayan Denmak da Suwidin. Sai kuma busasshen kifin nan mai tauri kamar icce, wanda 'yan kudu ke kasawa a tebur, Ibo na ce masa okporoko, Yarbawa na ce masa panla. Shi ma ɗan Norwe ne.

Wannan na ƙarshen shi ya ja ni cikin maganar. Muna karatun Risala a ajin matan aure, mun iso babin yanka da abinci, sai wata ɗaliba ta ce: "Malama, kifin nan da babu wanda ya yanka, ba Musulmi ya kama shi ba, kuma ya shekara a bushe, shin ba mushe ba ne?" Amsar mai sauƙi ce a mazhabarmu ta Malikiyya: abin da ke rayuwa cikin ruwa ba ya buƙatar yanka, kuma ba a duba addinin wanda ya kama shi. Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da tsarkin ruwan teku da halaccin matacciyar dabbarsa ya wadatar. Akwai kuma ƙissar rundunar Abu Ubaida (RA), su wajen ɗari uku, da yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba. Suka ci kwanaki, suka yanyanka sauran suka busar, har suka isa da shi Madina, Manzon Allah (SAW) ya ci daga ciki. Ke nan busasshen naman teku ba baƙo ba ne a tarihinmu.

Na amsa tambayar, amma ita ba ta sake ni ba. Su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya sa kifinsu bai da gishiri, bai da ƙaurin hayaƙi, ya kuma ƙi ruɓewa?

Abin mamaki, magabatanmu masu rubutu da Larabci sun riga mu saninsu. Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya haɗu da fatakensu a bakin kogin Bolga a shekarar 922, ya siffanta su. Wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim ibn Ya'aƙub Aɗ-Ɗurɗushi, ya isa wani gari nasu na kasuwanci wajen shekarar 965, kuma cikin abin da aka ruwaito daga gare shi akwai cewa galibin cimarsu kifi ne saboda yawansa. A tsibirin Gotland na Suwidin, a 1999, an tono taskar azurfa mai ɗauke da tsabar kuɗi fiye da 14,000, mafi yawansu dirhamin ƙasashen Musulmi. Ashe cinikin da ke kawo kifinsu Ƙaura yau jika ne ga wani tsohon ciniki.

Ga yadda ake yin kifin. Daga watan Janairu zuwa Afrilu wani nau'in farin kifi na gangarowa daga tekun Barents zuwa tsibiran Lofoten domin zuba ƙwai. Masunta su kama, su cire kai da kayan ciki, su ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, su rataye a kan manyan tanka na itace a fili. Nan zai zauna kusan wata uku, iska mai sanyi na shanye ruwan jikinsa a hankali, sannan a shigar da shi ɗaki ya ƙarasa bushewa. Idan ya gama, nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ɗanyensa ba, kuma yana iya shekaru bai lalace ba. Mafi kyawunsa Italiya ake kai wa. Kawuna da masu ƙaramar daraja su ne rabon Nijeriya. Cinikin ya daɗe, amma lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, an kai shi da yawa a matsayin agaji ga yaran da tamowa ta kama, daga nan ya ƙara zama cikin miyar mutanen gabas.

Da na karanta wannan sai na ga ai na san aikin. Kilishi ne, banda ce, kuɓewa busassa ce, kuka ce da ake shanyawa a ajiye don rani. Mu rana da hunturu muke bai wa amanar abincinmu, su kuwa iskar ƙanƙara. Mutanen da ke shafe watanni ƙasarsu ba ta fitar da ko tsiro dole su koyi ajiya, kamar yadda mutanen da ke jiran damina wata bakwai suka koya. Kuma kada ka ga arzikin Norwe na yau ka ɗauka haka take tun fil azal: sai a 1969 aka gano man fetur a tekunta, kafin nan kuwa talauci ya kori 'ya'yanta wajen 800,000 zuwa Amurka cikin kimanin shekara ɗari. Girke-girkensu na gargajiya girkin talaka ne. Har ma akwai wani da ya ba ni dariya: suna jiƙa busasshen kifin cikin ruwa kwanaki, su mayar da shi cikin ruwan toka, su sake wankewa kwanaki, kusan mako biyu ke nan, har ya yi lugub. Suna kiransa lutefisk. Wadda duk ta taɓa tace toka don miyar kuɓewa ta san abin da suke nema.

Sanin haka ya sa na ƙudurta in gwada dafa abincinsu yadda su suke dafawa, da abin da kasuwarmu ke da shi.

Na fara da wanda suke kira fårikål, ma'ana tunkiya cikin kabeji, wanda masu sauraron wani shirin rediyo suka zaɓa a 1972 ya zama abincin ƙasar Norwe. Kayan haɗinsa ba su cika yatsun hannu ba: naman rago mai ƙashi da ɗan kitse kilo ɗaya, kabeji kilo ɗaya a yanka manya-manya, gishiri, barkonon Turawa baƙi wanda ba a daka ba, da ruwa kofi biyu. Ni masoro na sa a madadin barkonon, kuma ya zauna daram. Ana jera nama a gindin tukunya, ɓangaren kitse a ƙasa, a ɗora kabeji, a barbaɗa gishiri da masoro, a sake jera nama, haka har a cika. A rufe, a rage wuta, a bar shi awa biyu zuwa biyu da rabi ba tare da an juya ba. Wannan rashin juyawar shi ya fi yi mini wuya, domin hannun Bahaushiya bai saba ganin tukunya a wuta ludayi na zaune ba. Ana ci da dafaffen dankalin Turawa.

Surukata, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta leƙa kwanon ta ce: "Ke ɗiyata, wanga ai abincin majinyaci na. Ba mai, ba daddawa, ba tattasai?" Ta ɗanɗana romon don kada ta kunyata ni, sai ga shi ta ce a ƙaro. Gaskiya ce, ba shi da kyan gani, fari fat kamar farfesun da aka manta da shi. Amma a nan na fara sanin ɗanɗanon ragon ƙasarmu shi kaɗai, ba tare da an binne shi cikin kayan yaji ba, kuma ina ganin duk wanda ke da ragon Layya ya kamata ya ware haƙarƙari ya gwada sau ɗaya.

Wainar kifinsu kuwa yara suka fi so. A cire ƙayar kifi ɗanye, a daka tsokar da gishiri har ta yi danƙo, a zuba sitacin rogo cokali biyu, da albasa, da ɗan gyaɗar ƙamshi, a riƙa ɗiga madara ana dakawa, sannan a soya kamar masa. Da tarwaɗa ta fi kamawa, Titus ya cika mai. Dunƙulen naman Suwidin kuma, wanda ya fi duk abincinsu suna, a nan ne Musulmi zai yi hattara: a can galibi ana cakuɗa naman sa da na alade, saboda haka wanda ya je ƙasarsu kada ya ci sai ya tambaya. A gida kuwa naman sa zalla da ɓarɓashin burodi jiƙaƙƙe da madara ya isa. A 2018 shafin sadarwa na hukumar Suwidin ya ce sarkinsu Charles na 12 ne ya kawo girkin daga ƙasar Turkawa, inda ya yi gudun hijira daga 1709. Masana tarihin abinci sun yi musun haka, amma duk wanda ya ci kofta a Makka ko Madina zai ga kama.

Cikin kayan zaƙi, na ɗauki na shinkafa da madara na mutanen Denmak. Ana dafa shinkafa cikin madara har ta narke, a bar ta ta huce, a gauraya da man madara da aka buga da sukari da yankakken lauzu, a zuba romon wani jan ɗan itace a kai. Na sa shinkafa 'yar gida, na sa soyayyar gyaɗa, na dama zoɓo da sitaci ya yi kauri ya maye gurbin romon. Su a daren Kirsimeti suke cinsa. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko hakan bai zama kamanceceniya da su ba. Abin da nake gani, Allah ne Mafi sani, shi ne shinkafa da madara ba su da addini. Abin gudu shi ne a keɓe musu ranar ibadar wasu da niyyar raya ta. Mu da azumi muka sha shi, bayan Tarawihi.

Akwai abin da na bari. Ɗanyen kifin da suke binnewa cikin gishiri da sukari da ganye kwana biyu su ci ba dahuwa, wannan yana son sanyin da bai yankewa, kuma wanda ya san zafin Ƙaura a watan Afrilu da halin wutar lantarki ya san ba wurin wasa ba ne. Haka ruɓaɓɓen kifin gwangwani na Suwidin da warinsa ya yi suna a duniya. Ba na kushe shi. Mai daddawa a miya bai da bakin yi wa wani dariyar wari. Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, kuma da aka ajiye masa damo ya ƙi ci saboda ba cimar ƙasarsu ba ce, bai hana waɗanda ke tare da shi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ba girkin ba ne, sayen kayan ne. Mutanen Norwe sun ware Alhamis ta ƙarshen Satumba ta zama ranar cin tunkiya da kabeji, domin lokacin ne ake sauko da tumaki daga duwatsu da ƙibarsu. Mu ma Alhamis ce ranar kasuwar Shinkafi, kasuwar da muka tashi muka tarar ana zuwa daga Nijar da Sakkwato da kudu don dabbobi da hatsi. To, Alhamis ɗin ƙarshen Satumba ta 2021 babu kasuwar. An rufe kasuwannin mako-mako a jihar, an hana safarar dabbobi, an katse layukan waya, duk don a matse 'yan bindigar daji. Daga baya an buɗe, amma garken da aka kore bai dawo ba, kuma har yau mutum ba ya ɗaukar hanyar Shinkafi ko ta Zurmi sai ya tambayi labarin safiya. A tsawon waɗannan watanni Titus bai yanke ba a Ƙaura. Kifin da ya taso daga nisan fiye da kilomita 6,000, ya ratsa teku, ya kwana a Legas, ya fi sauƙin isowa tukunyata a kan tarwaɗar gulbin Bunsuru da ke nan Zurmi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota.

Ina yawan tuna waɗancan tankunan na Lofoten. Dukiyar shekara guda a rataye a fili wata uku, abin da mai ita ke tsoro shi ne sanyi ya yi yawa ya farfasa tsokar, ko ɗumi ya zo da wuri ƙuda ya sauka. A ƙauyukanmu kuwa akwai wanda ya noma bai girbe ba, da wanda ya girbe sai da ya biya kuɗi kafin a bar shi ya kwaso, da wanda ya cika rumbu aka banka masa wuta. Ilimin ajiya muna da shi, ba mu kasa kowa ba. Amma ajiya ba ta yiwuwa sai inda mutum ke da tabbacin zai wayi gari ya tarar da abin da ya shanya.

Goggona, wadda a da duk ƙarshen damina take aiko mana da kwandon banda daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi, yanzu tare muke da ita a Ƙaura, shekara ta uku ke nan. Ranar da na sayo kan kifin Norwe don in nuna wa ɗalibaina, ta karɓa ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta shinshina, ta tambaye ni da wane icce aka banda shi. Na ce ba a sa masa wuta ba, Goggo, iska ce kawai. Ta yi shiru, sannan ta ce lalle garinsu babu ƙuda. Ta jiƙa shi tun hantsi da ruwan zafi da ɗan gishiri, da yamma ta saka shi cikin miyar kuka, ta ce yana da daɗi amma bai kai gaiwa ba.