Guangzhou: Wane Lokaci Ya Fi Dacewa Ɗan Kasuwa Ya Je?

Duk wanda ya zaga shagunan Kontagora zai tarar babura, da injunan ban-ruwa, da fitilu, da wayoyin hannu, yawancinsu daga ƙasar Sin suka fito, kuma babbar ƙofar da suke bi ita ce birnin Guangzhou, wanda Turawa ke kira Kanton. Ana faɗin sunan kamar "Gwangjo", har ya yi kama da gwanjo, ko da yake babu abin da ya haɗa su. Birnin yana bakin Kogin Lu'ulu'u, kusa da inda yake faɗawa cikin teku, ba nisa da Hong Kong. Ɗan kasuwar da ya ƙuduri niyyar zuwa sarin kaya da ƙafarsa, maimakon ya tsaya a Kano ko Ikko, wajibi ne ya duba wata kafin ya yanki tikiti, domin jarinsa ne a kan hanya.

Daminarsu tana somawa cikin Afrilu, ta kai Satumba, watau kusan tare da tamu. Amma ruwan ba ɗaya ba ne, gama a shekara sukan sami fiye da milimita 1,700, abin da ƙasar Kontagora ba ta kusanta. Zafin Yuli da Agusta kuwa ba irin na bazararmu ba ne mai ƙona fata. Gumi ne wanda ba ya bushewa, ko mutum ya shiga inuwa. Cikin waɗannan watanni ne kuma guguwar teku ke tasowa. Ran 16 ga Satumba, 2018, wadda aka laƙaba wa suna Mangkhut ta auka wa lardin Guangdong, aka soke tashin jiragen sama, baƙi suka yi zaman dole a masauki suna cin guzurinsu.

Hunturu ba shi da tsanani, ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 14 a Janairu, kuma ƙanƙarar da ta sauka a Janairun 2016 abin mamaki ce ga mutanen garin kansu. Tarkon yana wani wuri. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, sa'an nan ma'aikata kan watse zuwa garuruwansu, masana'antu su rufe har makonni. Baƙon da ya sauka a lokacin zai ga fitilu da furanni, amma ba zai sami mai yi masa ciniki ba. Haka nan makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne.

Saura baje kolin Kanton, wanda aka fara a 1957, ana kuwa yinsa sau biyu a shekara a unguwar Pazhou: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Kashi uku ake raba shi, na farko shi ne na injuna da kayan lantarki, na ƙarshe na tufafi da takalma. Na Oktoba ya fi, saboda ruwa ya ɗauke, iska ta yi daɗi. Sai dai kuɗin masauki kan hau ƙwarai a makonnin, masu baje kolin kuma da mai cika kwantena suke son magana. Mai ƙaramin jari gwamma ya jinkirta har a watse, ya je tsakanin tsakiyar Nuwamba da Disamba, ya sauka wajen Xiaobei inda 'yan Afirka suka saba sauka, da gidajen abincin Musulmi a kusa. Yana iya yin sallar Juma'a a masallacin da ke maƙwabtaka da kabarin da mutanen garin ke dangantawa ga Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan a Madina aka binne shi.

Amma ba sararin samaniyar Sin kaɗai za a duba ba. Kontagora garin manoma ne, kuɗi kuwa yana shiga hannun manomi bayan kaka, in ya kai masara da dawa da wake kasuwa. Kaya sukan yi fiye da wata guda a teku kafin su iso Ikko, ga jiran kwastan a Apapa, ga hanyar Ilori da Jebba da Mokwa. Abin da aka saro a Afrilu yakan iso ne sa'ad da manomi ya zuba kuɗinsa a taki, sai ya kwanta a shago. Wanda aka saro a Oktoba ko Nuwamba kuwa yana iya riskar sa da sauran hatsi a rumbu. Mai injunan ban-ruwa ne kaɗai wannan lissafi bai yi wa daidai ba, domin kafin kayan Nuwamba su sauka an riga an yi nisa da noman rani, don haka shi dole ya haƙura da gumin Agusta, ko ya aika a saro masa.