Ranar da Motar Malam ta Tafasa a Kan Gada

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Treichville ya san farar motar mahaifina, Peugeot 504 wadda ta girme ni. Faransawa sun fara ƙera irinta a 1968, daga baya aka yi shekaru masu yawa ana harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa dattawanmu suke mata kallon 'yar gida. Da idanun Malam suka yi rauni sai makulli ya dawo hannuna, tare da amanar duba ruwa da mai kowace safiya.

A watan Maris na 2018, lokacin da zafin Abidjan ke kan ganiyarsa, wani aminin Malam, tsohon mai fataucin goro, ya rasu a Adjamé. Ya bar wasiyya cewa Malam ne zai sallace shi. Aka sa lokaci bayan azahar, daga nan sai maƙabartar Williamsville. Muka fito da wuri, muka hau gadar De Gaulle, wadda tun 1967 take haɗa Treichville da Plateau, sai muka tarar da cunkoso. Motoci na jan ciki, rana na dukan kwalta, ni kuwa idona na kan allurar zafi. Ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Kafin mu sauka daga gadar tururi ya turnuƙe gaban mota.

A nan ya zama dole in faɗi abin da na ɓoye. Kusan wata guda ke nan ina ganin allurar tana hawa duk lokacin da muka tsaya a cunkoso. Kullum da safe sai in ƙara ruwan famfo a lagireto in yi shiru, don ina gudun kuɗin gareji, ina kuma gudun a ce ban iya riƙon mota ba.

Na samu na raɓe gefe, na kashe inji, na buɗe gaba, na kai hannu zan kwance murfin lagireto. Wani yaron gbaka ya daka mini tsawa daga ƙofar motarsu, ya ce kada in kuskura. Allah ya saka masa da alheri. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana tsare matsi a ciki, ta yadda ruwan zai wuce haka bai tafasa ba. Da zarar an kwance shi da zafinsa, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuskar mai buɗewa. Na tare wa Malam taksi. Ko da ya isa Adjamé an riga an yi salla, wani ne ya ja ta. A bakin kabari ya riski jama'a. Da ya dawo gida bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Washegari aka ja motar zuwa Adjamé, wajen masu gyara da masu sayar da tsofaffin kayan mota. Na farko, ko leƙa injin bai yi ba, ya ce gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, wato abin da muke kira joint de culasse, sai an sauke kan injin gaba ɗaya. Na biyu ya ce a cire calorstat a yar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Ni kuma a raina na riga na yanke cewa sabon lagireto zan saya a huta. Ana cikin haka aka nuna mini wani dattijo, Ba'adare, wanda ya tsufa a kan injin Peugeot.

Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni a benci. Ya ce, "Ɗan Malam, a gudu take zafi ko a tsaye?" Na ce, "A tsaye, Baba. Idan hanya ta buɗe sai allurar ta sauko." Ya ce, "Ruwa yana raguwa?" Na sunkuyar da kai na ce yana raguwa. Ya ce, "To ka gama mini rabin aiki."

Ga yadda ya bayyana mini. Motar da ke gudu, iskar hanya ce take ratsa lagireto ta sanyaya ruwa. Idan ta tsaya, fanka kaɗai ke wannan aiki. Saboda haka zafin da ke tasowa a cunkoso ya lafa a gudu, fanka ake fara tuhuma. Wanda kuwa ke ƙaruwa da gudu ko hawan tudu, ya fi nuna ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko bel ya saki.

Duk da haka sai da ya fara wanke gaskit daga zargi, don shi ne babbar asara. Ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya duba bayan murfin mai: babu farin kumfan nan mai kama da madara wanda ke nuna ruwa ya gauraya da mai. Ya cika lagireto da injin a sanyaye, ya tayar, ya tsura wa bakinsa ido: babu ƙwayoyin iska masu ɓulɓulowa. Ya zaga baya: salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Ya ce mu gode Allah, kan injin nan na alminiyum ne, da na ƙara tafiya kaɗan da ya karkace.

Sannan ya koma kan fanka, kuma a nan ne na ga abin da ban taɓa sani ba. Fankar motarmu ba a ɗaure take da inji ba. Maganaɗisun lantarki ne ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, wutar kuma tana shiga ta wani ɗan guntun gawayi. Gawayin ya cinye. Fanka tana juyawa a hankali kamar mai aiki, alhali ba ta jan iskar kirki. Sau nawa na kalle ta na ce lafiyarta ƙalau! Ya kashe inji, ya shafa jikin lagireto da tafin hannu, ya ji wani sashe da zafi wani da sanyi: tsatsa da dattin ruwan famfona sun toshe wasu hanyoyin. Robar murfin ma ta tsattsage, ta nan ruwa ke tserewa.

Calorstat kuwa, jefa shi ya yi a tukunyar ruwa bisa wuta, muna kallo ya buɗe baki tun ruwan bai tafasa ba. Ya mayar da shi mazauninsa. Ya ce cire shi ɓoye ciwo ne kawai, injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan fetur yana cin kansa. A ganina wannan al'ada ta cire shi tana cikin abubuwan da ke tsufar da injuna da wuri a garin nan.

Aka sauya gawayi da murfi, aka kai lagireto wajen mai walda ya buɗe ya share, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya mai hana tsatsa. Duka bai kai kwatankwacin abin da na farko ya yanka mini ba. A shekarar nan ce kuma dokar hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara 5 ta fara aiki a Côte d'Ivoire, na hannu suka yi tsada, muka ƙara riƙe tamu da kyau.

Da daddare na durƙusa gaban Malam na faɗa masa batun wata gudan nan da ruwan famfo. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in shirya, gobe zan kai shi Williamsville ya yi wa amininsa addu'a. Muka sake hawa gadar, muka sake tarar da cunkoso. Can sai na ji ƙarar fanka ta kama. Malam, wanda ba ya iya ganin allura, ya juyo ya ce, "Tana ina?" Na ce, "Tana tsakiya, Baba."