Fijon Baba da takardar da ba ta kare kowa

A Badafi, cikin ƙaramar hukumar Kiru, akwai wata tsohuwar Peugeot 504, irin wadda mutanenmu ke kira Fijo, da ta shekara tana ajiye a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Tana cikin motocin da aka harhaɗa a kamfanin Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Da ita aka kai yayyenmu mata gidajen aurensu, da ita kuma aka garzaya da marasa lafiyar unguwa asibiti cikin dare. Bayan rasuwarsa babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a sayar.

Bara ɗan yayana ya cika shekara goma sha tara, ya karɓi lasisin tuƙi, ya same ni ya durƙusa ya ce, "Baffa, a ba ni motar Kaka in riƙa kai kayan gona kasuwa." Na amince. Bakanike ya sauke injin, aka sake birki da tayoyi, aka yi mata fenti. Da aka zo kan takardu sai yaron ya nuna mini wata takardar inshora da wani ɗan kamasho ya yi masa a kan kuɗi kaɗan. Na shigar da lambar motar a rumbun bayanai na NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi. Ba a same ta ba. Takardar jabu ce.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin a wurinmu ya koya. Da yawanmu mun ɗauki inshora a matsayin takardar da ake miƙa wa ɗan sanda a shinge don ya ɗaga katako. Wanda ya fahimce ta haka, mai araha zai nema.

Asalin dokar kuwa wani abu ne daban. Tun 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowace mota inshorar kare haƙƙin wasu. Wannan inshora ba ta gyara motarka. Aikinta shi ne biyan wanda ka yi wa ɓarna: mai babur da ka buge, mai shagon da ka rushe wa bango, iyalan da ka raba da mai ciyar da su. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken ta a faɗin ƙasa.

Akwai ɗaya nau'in, mai cikakkiyar kariya, wanda ke biyan asarar motar kanta idan ta yi haɗari ko ta ƙone ko aka sace ta. Kuɗinsa ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar motar. Na yi tunaninsa, domin zuciyata na kan Fijon. Sai dai kamfanoni da yawa ba sa marmarin motar da ta tsufa haka, kuma ko sun karɓa, farashinta na kasuwa za su duba. Abin da ya sa take da daraja a wurinmu ba ya shiga lissafinsu. A Ingila akwai inshora ta musamman ga motocin tarihi, inda ake yarjejeniya kan ƙimarsu tun farko, amma galibi ana gindaya sharaɗin kada a riƙa hawansu kullum, kuma ba kasafai ake ba matashi sabon direba ba. A can, matashi ya fi kowa biyan kuɗi mai yawa, saboda alƙaluman kamfanonin sun nuna ya fi shiga haɗari. A nan kuɗin inshorar wajibi ɗaya ne ga ɗan shekara 19 da ɗan shekara 60. Farashin bai bambanta su ba, amma hanya tana bambantawa.

Duk wanda ya san titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ya san abin da nake nufi. Ga manyan motoci masu tafiya Jos, ga shanu na tsallakawa, ga 'yan acaɓa ɗauke da buhunan masara ranar kasuwa. A kan wannan titi zan saki yaro mai 'yan watanni da sitiyari, cikin motar da ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya ƙamewa. Na tambayi kaina: idan ya buge wani magidanci, wa zai biya? Amsar ita ce mu. Gonar gado za a sayar, ko a tura dattawa su roƙi yafiya, matar mamacin ta yafe don kunya, ta koma gida da marayu hannu biyu.

Yayana ya yi jan ƙafa, ya ce yana da shakku a kan halaccin inshora. Ban raina damuwarsa ba, domin malamai da yawa sun yi magana kan riba da rashin tabbas da ke cikinta. Na tuna masa cewa a fiƙihu, diyyar kisan kuskure a kan dangin mai laifi take, su haɗu su ɗauka tare. A kan irin wannan taimakekeniya aka gina takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da ke yin sa kaɗai. Can muka je muka yanki ta gaskiya, muka duba ta a rumbun bayanai kafin mu bar ofishin.

Na kuma kafa wa yaron sharuɗɗan da babu su a takarda: ba tuƙin dare, ba ratsa Falgore shi kaɗai a shekarar farko, ba ɗaukar fasinja don kuɗi, domin inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin motar haya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa."

Ranar da ya fara fita na tsaya a gindin darbejiyar ina kallon ƙurar da ta tashi a bayansa. Na riga na haƙura da cewa idan Fijon ta lalace, babu kamfanin da zai dawo mana da ita. Abin da na saya da naira 15,000 shi ne kada wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya biya kuɗin koyon tuƙin ɗanmu.