Filtar Mai Da Kwandon Tumatir



Duk wanda ya tashi a yankinmu na Bunkure ya san rani ba lokacin hutu ba ne. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa da Kura da mu nan, noman rani ya zama shi ne rufin asirin gidaje. Shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. In aka tsinke shi da sassafe, har rana ta take bai isa kasuwar Kwanar Gafan ba, to dillali ne zai yanka maka kuɗin da ya ga dama.

Akori-kurar Baffana, tsohuwar Fijo 504, ita ke kai mana kwanduna, kuma ciwonta guda ne. In babu kaya lafiya lau take gudu, amma da an lafta mata kwanduna an taka totur sai ta riƙa fizga tana shaƙewa kamar mai tarin asma. Wani ya ce fulogi ne, wani ya ce a kwance kafireta. Baffa dai murmushi yake yi ya ce, "Ɗauko min filaya, ɗan nan, ƙishi take ji."

Gaskiyarsa. Man da muke sha rabinsa na 'yan bumburutu ne, daga jarka zuwa galan zuwa mazurari, ga ƙurar hunturu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, wa ke cika tanki? Lita uku, lita biyar. Tankin da kullum yake wayam raɓa yake tarawa a ciki, raɓa ta haifi tsatsa, duk kuma filta ce ke tare su har ta toshe.

Aikin ba ya cin minti 20. Sai injin ya huce, a ƙofar gida, nesa da murhun mata, mai shan sigari kuma a sallame shi tukuna. A cire kan batir na baƙar waya. Filtar 'yar roba ce, ba ta fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba, tana tsakanin tiyo biyu. A matse kilif da filaya a ja shi baya, a murɗa tiyon a hankali, a tara tsumma domin mai zai zubo. A jikin sabuwar akwai kibiya, bakinta ya kalli wajen kafireta. A mayar da kilif da batir, a tayar da mota, a tsaya a zuba ido ko akwai yoyo.

Abin da na fi so shi ne in Baffa ya zazzage tsohuwar a farin kwano. Jan laka ke fitowa, wani sa'in har da ɗigon ruwa kwance a ƙasan man, sai yara su kewaye suna leƙe.

Masu hure tsohuwar da baki su mayar, ban goyi bayansu ba, takardar ciki in ta yage datti wucewa kawai zai yi. Masu cire ta gaba ɗaya su haɗe tiyon da guntun bututu kuwa, wallahi kuɗin wankin kafireta suke tara wa bakanike. Mu in an shiga Ƙofar Ruwa biyu ake sayowa, ɗaya ta zauna ƙarƙashin kujera.

Sai dai wannan duk zancen mota mai kafireta ne. Mai injekta irin Golf 3, man cikin bututunta a matse yake, zai iya feso maka a ido. Sai an zare fis na famfon mai, an bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa, sannan a shiga ƙarƙashinta wajen tanki inda filtar ƙarfen take. Motocin yanzu da yawa kuma tasu a cikin tankin aka haɗa ta da famfo. Wannan ko Baffa ba ya taɓawa, Kura yake tura mai ita wajen bakanike.