Bindigar da Aka Mayar da Ita Baya

A wurin maharban ƙasarmu bindiga iri biyu ce. Akwai wadda ake buɗewa ta gindi a zura mata harsashi, akwai kuma bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna da tsumma, a bi da dalma. Amma a ƙauyukan da ke kewaye da Garwa, tun daga bakin Binuwai har ƙasar Rai Buba, akwai ta uku wadda ba ta da suna. Don harsashi aka ƙera ta, harsashin ya gagari mai ita, sai maƙeri ya toshe mata gindi ta koma cin albarushi irin ta kakanni.

Aikin rediyo ne ya haɗa ni da ita. Na je ɗaukar muryar wani dattijon maharbi a kan hanyar Lagdo, sai na ga tsohuwar bindigar Turawa jingine a zaurensa, ga sandar ɗuri a ɗaure a jikinta. Na ce, "Baba, wannan ai mai harsashi ce, me ya kai ta ga ɗuri?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, harsashi sai da takarda, takarda sai an je Garwa, zuwa Garwa kuma sai da guzuri. Biri kuwa ba ya jiran takarda kafin ya shiga masara."

Maganar takarda gaskiya ya faɗa. Dokar makamai ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a watan Disamba na 2016, ta ce ba a mallakar bindiga ko sayen harsashi sai da izinin hukuma, ƙera ta ba izini kuma laifi ne. Abin ma ba yau ya fara ba. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a babban birnin Beljiyam, suka amince a hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu masu ƙyastu da albarushi. Sakamakon ya bayyana a Marwa a watan Janairun 1902, ranar da mahayan Lamiɗo Zubairu suka tunkari rundunar Jamusawa ta Hans Dominik mai bindigar ruwan harsashi. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a filin nan, makami ne ya bambanta.

To, me ke faruwa idan aka mayar da mai harsashi 'yar ɗuri? Kwanson harsashi shi ne ke toshe gindin bindiga lokacin harbi, ya hana wuta komowa baya. Idan babu shi, toshin maƙeri kaɗai ke tsakanin wutar da idon mai harbi. Albarushi kuma yana barin ƙazanta mai jawo laima, ta riƙa cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Wani lokaci ɗan garwashi kan saura a ciki, mutum na sake ɗuri sai ta tashi a hannunsa. Mafi muni shi ne mai kwance harsashin zamani ya juye garinsa a irin wannan bindiga, alhali ƙarfinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba. Wanda ya saba gaisawa da maharba ya san yadda ake miƙo hannu mai yatsu uku.

Da a gonar masara abin ya tsaya, da sai mu ce kowa ya san dawan garinsu. Amma dajin ya canza. A farkon 2012 mahaya ɗauke da manyan makamai suka shigo gandun dajin Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye. Tun zamanin zargina masu tare hanya, har zuwa masu garkuwa da makiyaya a wajejen Tuboro, abin da ke hannun ɓarawo Kalashnikov ce mai cin harsashi 30. Mutumin ƙauye kuma, da aka ce ya shiga kwamitin tsaro, harbi ɗaya gare shi. Daga nan sai ya tsaya ya auna albarushi, ya danna, ya ɗana, idan ruwan damina bai jiƙa shi ba. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa wa irin wannan makami suna harba-ka-ruga.

A nan ne nake jin nauyin makirufon da ke gabana. Masu sauraro suna son labarin maharbin da ya kori ɓarayi da bindigar toka, ga laya, ga kirari, waya ba ta hutawa ranar da aka sa irin wannan shiri. Amma a can ƙauye akwai saurayi ɗan shekara 20 da ke jinmu, bindigar mahaifinsa na rataye a ɗaki. Duk yabon da muka yi ba mu faɗi yawan daƙiƙun da ake ɗauka kafin harbi na biyu ba, mun tura shi daji da rabin labari. Shi ya sa a shirina, idan maharbi ya gama kirari, nakan tambaye shi abokansa nawa ne ba su dawo ba.

Bindigar toka tana da gidanta. A Hawan Daushe a Kano, idan 'yan bindigar sarki suka saki albarushi ba dalma, hayaƙi ya turnuƙe, ƙirji ya amsa, babu mai cewa abin bai yi kyau ba. A bar ta can, da bakin gona. Tsare rayukan mutanen Mayo Rai aikin jandarma ne da soja, ba na dattijon da ya rasa kuɗin harsashi ba. Allah ya ba mu zaman lafiyar da za ta mayar da albarushi kayan biki.