Gurnanin Janareta da Shirun Gran Sasso

Shekarun da na yi ina naɗar hira a gidan rediyo sun sa na tsani janareta. Shi ke ba situdiyo wuta, shi ne kuma ke cusa gurnaninsa cikin kowace murya da na naɗa. In an kashe shi aiki ya tsaya, in an bar shi aikin ya gurɓace. Ban zaci masana kimiyya na cikin irin wannan tsaka mai wuya ba, sai da na karanta labarin gwajin CUORE.

A ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso na Italiya, inda dutse mai kaurin kusan mita 1,400 ya lulluɓe ɗakin bincike, an jera lu'ulu'u 988 masu ɗauke da sinadarin teluriyam. An sanyaya su har saura kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na digiri su kai maƙurar sanyi, wadda babu sanyin da ya wuce ta. Tun 2017 ake kasa musu kunne, ana dakon wata irin rugujewar ƙwayar zarra da ba a taɓa gani ba. In ta auku, lu'ulu'un zai ɗan ɗumama, ma'auni ya nuna.

To, girgiza ma ɗumi take haifarwa, kuma a irin wannan sanyi ɗan motsi kaɗan ya isa ya binne abin da ake nema. Babban mai laifin kuwa ɗan gida ne: injinan sanyin da kansu, masu tunkuɗa iskar hiliyam fiye da sau ɗaya kowace daƙiƙa.

An rataye lu'ulu'un a kan wani ginshiƙi daban mai shanye motsi, amma hakan bai wadatar ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta biyu. Tunda ba a iya kashe injinan, sai aka tsara lokacin bugun kowanne, kusan yadda mata ke lugude a turmi guda, har jijjigar wannan ta riƙa cinye ta wancan. Na jima ina tunanin hirarrakin da na yi asara, ni da janareta ɗaya tal nake da shi, ba shi da abokin lugude.

Duk da haka ba a samu cikakken shiru ba. Masu binciken sun lura cewa idan guguwa ta taso a Bahar Rum, hayaniyar cikin ma'auninsu na ƙaruwa, domin dukan igiyar ruwa na ratsa ƙasa har ya iso cikin dutsen.